Goggo Mairo da Jinin Tsallake

Idan ka shiga Gwadabawa a Jimeta ka tambayi gidan Malam Salihu mai wankin hula, sai a tsaya ana kallon juna. Amma ka ce gidan Goggo Mairo mai awaki, ko wanda ya tare a unguwar jiya zai nuna maka da baki. Shi Malam Salihu, mijinta, ya daɗe da haƙura da wannan. Yakan ce ai shi ma kiwonsa ake yi a gidan, bambancinsa da awakin kawai shi ba a ɗaure shi a turke.

Mairo haifaffiyar Jimeta ce. Kakanta bafatake ne daga ƙasar Kano, ya zo da kayan saƙi, ya ga kogi ya ga kasuwa, ya ce shi kam ya iso. Hausa take yi a gida, Fulatanci kuma a gidan biki da wurin masu nono, in ciniki ya yi zafi ta haɗa duka biyun. Ranar da za a kai ta ɗakin miji, mahaifiyarta ba ta da kwanukan jere na a zo a gani. Sai ta je turke ta kwance wata jar akuya mai farar ƙafa ɗaya, ta gaba ta hagu, kamar ta taka garin tuwo. Ta damƙa mata igiyar ta ce, "Ga jerenki. Kwano tsatsa yake yi, wannan haihuwa take yi. Daga wurin uwata na same ta. Kada ki bari irin nan ya ƙare a hannunki." Mairo ta riƙe maganar nan fiye da yadda ta riƙe sauran nasihohin aure, kuma farar ƙafar ta yi ta fitowa a turkenta, uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba jika.

Abin da kowa ya sani game da Goggo Mairo shi ne ba ta yarda da abu sai ta shinshina shi. In aka kawo mata dusa daga injin niƙa, sai ta cusa hannu har gwiwa ta ji ko an haɗa da yashi. Damin harawa a gaban mai shi take kwance shi, don ta san ana cusa busasshiyar ciyawa a tsakiya. Mai ruwa kuwa ya sha tambaya har ya gaji: wace rijiya, ta gidan wa, me ke kusa da ita? In aka ce mata zato zunubi ne, sai ta ce ta ji, amma ruwa ba ya tsami banza. Kuma a gaskiya ba za a ga laifinta sosai ba, don wanda ya yi kiwo a cikin gari ya san irin abin da mutane ke iya sayar maka suna murmushi.

Shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, bayan damina ta ɗauke, Yola da Jimeta suka cika har suka tumbatsa. Mutane suka yi ta shigowa a ƙasa, ƙafafu a kumbure, wasu ko takalmi babu. Kusan kowane gida sai da ya sauki baƙi. Wata rana Malam Salihu ya dawo daga masallaci da wani tela mai suna Abba, da matarsa Adawiyya da 'ya'yansu, ba su da komai sai ƙulli ɗaya. Mairo ta dube su sama da ƙasa, ta ce a kwance ƙullin ta gani. Da ta ga tsummokara ne da tukunya, sai ta kwashe harawarta daga ɗakin ajiya ta share musu, ta dafa ruwa da gishiri, ta durƙusa da kanta ta gasa wa Adawiyya ƙafafu. Haka take. Za ta zarge ka, kuma za ta ciyar da kai.

Bayan 'yan watanni wata ƙungiyar agaji ta zo tana raba wa 'yan gudun hijira awaki. Daga nesa aka kwaso su a babbar mota, kowace da lambar roba a kunne, aka ce duk an yi musu allurar rigakafi. Adawiyya ta samu, ta shigo da su gida tana murna har da hawaye. Mairo ta zagaya su, ta ɗaga leɓen ɗaya, ta leƙa hancin ɗaya.

"Wa ya aiko su?" in ji ta. "Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wannan ma majina take yi."

"Gajiyar hanya ce, Goggo," in ji Adawiyya.

Mairo ba ta so ba, amma ina baƙuwa za ta ɗaure dabbarta in ba a gidan da ta sauka ba? Ta bari aka ɗaure su a gefen turke.

Ashe ba gajiyar hanya ba ce. Kafin a ce me, ciwo ya bi unguwa gida gida. Akuya ta daina tuƙa, ido ya cika da kwantsa, hanci ya toshe, baki ya yi gyambo, sai zawo mai wari ya ɓalle, shi ke nan. Mai unguwa ya sa aka yi shela cewa malaman dabbobi za su zo, kowa ya fito da nasa. Lokacin kuwa bam na tashi a Jimeta, kowace jaka abar tsoro ce. Da malamin dabbobin ya iso, wani dogo mai suna Najmuddeen, rataye da kula, wato akwatin ƙanƙarar da ake ajiye maganin allura, sai da samarin unguwa suka ja da baya suka sa shi ya buɗe ta da hannunsa. Mairo na leƙe ta zaure. Ta ce wa mijinta abin da aka kawo a kula a irin wannan zamani ba zai taɓa mata dabba ba. Malam Salihu ya lallashe ta, ya ce hukuma ce, kuma ga ciwo har ya shigo gida. Wannan ne karo na farko kuma na ƙarshe da ta bi shawararsa a kan akuya.

Aka bi awakinta ɗaya bayan ɗaya da allura. Sai wata budurwar akuya mai farar ƙafa ta fizge igiya, ta taka turmi, ta haye rufin madafa, ta dira bayan katanga. Aka bi ta har bakin kwalbati, ina! Ba ta dawo ba sai bayan la'asar, masu allura sun daɗe da tafiya.

To, ga abin da ya faru, kuma shi ya gina sauran rayuwar Goggo Mairo. Duk waɗanda aka yi wa allura suka mutu, nata da na Adawiyya, ba a bar ko ɗaya ba. Mai farar ƙafar ma ta kwanta, har ta fi sauran jin jiki. Mairo ta zauna a kanta. Ta wanke mata hanci da ruwan ɗumi, ta shafa mata man shanu a baki, ta dama kunun dusa da 'yar kanwa tana ɗura mata da cokali. Malam Salihu ya wasa wuƙa har sau biyu, tana hana shi. Wata safiya akuyar ta miƙe tana rangaji, ta kai baki ga harawa. Mairo ta fashe da kuka, don saura ƙiris amanar uwarta ta ƙare a hannunta. Daga ranar aka raɗa wa akuyar suna Tsallake.

Najmuddeen ya dawo don ya yi bayani, a zaure Mairo ta tare shi da tsintsiya a hannu. "Waɗanda kuka taɓa sun mutu, wadda ta guje muku ga ta can tana tuƙa," in ji ta. "Ni ban yi boko ba, amma ina da ido. Fita mini, kada ta ji warinka." Ya buɗe baki, ta ɗaga tsintsiyar, ya rufe ya tafi.

Shekara biyu bayan haka ciwon ya ɗan sake leƙo unguwa, ya kwashi na maƙwabta. Tsallake na da tagwaye a kan nono a lokacin, kuma ko atishawa ba su yi ba. Kai, ranar Mairo ba ta zauna ba. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," take faɗa wa duk wanda ya shigo. "A jini abin yake. Ciwo ya ɗanɗana gidan nan ya ji ɗaci." Labari ya bazu har Shagari Low Cost da Damilu cewa akwai irin awakin da annoba ba ta kamawa, sai mata suka fara zuwa neman kiwo.

Ga yadda ake kiwo, yadda Mairo ta gada. Mai akuya za ta ba ki uwa ki kai gidanki, ci da sha da shara duk naki. In ta haihu, 'ya'ya biyu na mai akuya ne, na uku naki halak malak, babu mai taɓa miki. Da haka matar da ba ta da ko kaza take wayar gari da turke. Mairo ta bayar ba ƙyashi, musamman ga matan da gudun hijira ya zaunar da su Jimeta. Amma kafin ta saki igiya sai ta kafa sharaɗi, kuma sai mace ta maimaita da bakinta: allura ba za ta taɓa jinin Tsallake ba. In an ce mata rigakafi ya fi magani, sai ta ce ita ma ta san karin maganar, da ita aka share mata turke. Adawiyya na cikin waɗanda suka fara karɓa, don ba su koma Mubi ba, Abba ya samu keken ɗinki sun kama haya a Damilu.

Ita Tsallake ta tsufa a turke cikin gata, kuma ba annoba ce ta kai ta ba, leda ce. Ta yi ta ramewa, da aka yanka ta aka tarar da ƙunshin leda a tumbinta kamar matashin kai. Mairo ta ƙi cin naman. Ta ɗauki mayafi ta nufi shagon maƙwabciyarta Ifunanya, wadda ake kira Maman Uche, ta ce ledojin shagonta ne iska ke kwasowa.

"Haba Maman Haidar!" in ji Maman Uche, ta tafa hannu. "Ni ne ya kashe akuya naka? Leda ɗin yana da sunana a jiki? Abeg!"

Suka yi sati ba sa gaisawa, sannan Maman Uche ta aiko da ɓawon doya kamar yadda ta saba, Mairo ta shinshina ta karɓa.

Mairo ba ta ba da kiwo ta kwanta. Takan hau Keke Napep ta zagaya gidajen ba tare da ta aika tana zuwa ba, wai gaisuwa. A irin wannan zagayen ne ta faɗa gidan Adawiyya da hantsi, kwana kaɗan bayan ta ji a rediyo ana shelar rigakafin dabbobi kyauta. Adawiyya ta tarbe ta da fara'ar da ta yi yawa, ta shimfiɗa tabarma a ɗaki, ta ce rana ta yi zafi a tsakar gida. Mairo ta ce ita da rana sun saba, ta wuce turke kai tsaye.

Awakin sun yi kyau, har kyan ya yi yawa. Gashi na ƙyalli, babu ƙura ko kaɗan a jikinsu. Mairo ta sunkuya ta kai hanci bayan uwar. Ƙamshin sabulun wanki! To jama'a, rago ake yi wa wanka in Sallah ta zo, wa ya taɓa yi wa akuya wanka da sabulu a tsakiyar mako? Ta sa yatsu ta buɗa gashin gadon baya a hankali, kamar mai neman ƙwarƙwata. Can a gindin gashi, a kan fata, ga sauran shuɗin fenti, irin wanda masu rigakafi ke shafa wa dabbar da suka gama da ita.

"Adawiyya."

"Na'am, Goggo."

"Wannan kwalliyar ta mece ce?"

Adawiyya ta durƙusa. Ta ce ta ji ciwo ya ɓulla wajen Ngurore, tsoro ya kama ta. Ta ce awakin farko da ta mallaka a duniya sun mutu a gabanta, ba za ta iya sake gani ba. Ta ce wannan karon da lafiyarsu aka yi musu, kuma ta tsaya ta ga an buɗe sabuwar allura.

"Da bakinki kika maimaita sharaɗina," in ji Mairo. "Ni na gasa miki ƙafa ranar da kika zo garin nan. Ashe macijiya na saka a ɗakin harawa."

Maganar ta yi nauyi, kuma ta san ta yi nauyi, amma ba ta janye ba. A ranar ta kwance uwar da rabonta. Ba ta kai su gida ba, don a ganinta jininsu ya gurɓace, kada su haɗa turke da sauran. Wurin mahauci ta miƙa su. Saura 'yar budurwa ɗaya, ita ce ta ukun, rabon mai kiwo. Mairo ta so ta haɗa da ita, har ta kama igiyar. Abba ya yi waya da Malam Salihu, shi kuwa ya ce a ba ta wayar.

"Mairo, uwa taki ce, biyu naki ne, ki yi yadda kika so da su," in ji shi. "Ta ukun ba taki ba ce. Uwarki ma ba ta taɓa ƙwace rabon mai kiwo ba. Ki saki igiyar nan."

Da ya ce hukuma ko likita, da ba ta ji ba. Amma ya ambaci uwarta. Ta jefar da igiyar ta ce, "Riƙe gawarki. Ba za ta kai baɗi ba." Ta fita ba sallama.

Labari ya zagaya sauran masu kiwon. Duk wadda ta taɓa tunanin allura ta haɗiye tunaninta. In masu rigakafi suka shigo layi, sai a tura awakin Goggo ɗaki a ja ƙofa, a ce babu dabba a gidan, ko da ana jin kukansu.

Aka yi shekara biyu a haka, Mairo da Adawiyya ko a gidan suna suka haɗu kowa ta kama gefenta. Sai Sallar layyar da ta wuce, ɗanta Haidar ya sayo rago a kasuwa, ya ce gidan hayarsa ba wuri, a ajiye masa. Da ya sauke shi, shi da kansa ya lura ragon na jan hanci.

"Dada," in ji shi, don haka yake kiran uwar da Fulatanci, "ko in kai shi wani wuri? Kamar mura yake yi."

Wannan fa matar da ke kwance damin harawa tana bincike, wadda ba ta bari mai ruwa ya sauke jarka sai ta ji asalin rijiya. Ta dubi majinar ragon da idonta, ta yi dariya ta ce, "Ɗaure shi nan. Gidan nan ba ya tsoron majina." Duk duniya abu ɗaya ne ba ta taɓa zargi ba, shi ne jinin Tsallake.

Ragon bai kai Sallah ba. Kafin a share wurinsa, jikar Tsallake ta daina tuƙa. Mairo ta dafa ruwa, ta fito da man shanu da kanwa, ta zauna kamar wancan karon, tana cewa za su tashi, uwarsu ma ta tashi. Ba su tashi ba. A makon ne kuma mata suka yi ta shigowa yi mata jaje, su taɓa wannan su ɗaga waccan, su koma gidajensu su taɓa nasu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Saƙo ya fara zuwa daga Shagari Low Cost, daga bayan kasuwa, daga layin da ke bayansu. Naziha, wata bazawara da ke bakin layinsu, wadda da rabonta na kiwo take shirin kayan ɗakin 'yarta, ta zo da kanta ta tsaya a tsakar gida. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Goggo, sun ƙare," ta juya.

Mairo ta zargi kowa. Ta sallami mai ruwa. Ta mayar wa Maman Uche ɓawon doyarta. Ta ce mai sayar da ragon turo shi aka yi. Ta ce bakin Adawiyya ne. Da Najmuddeen ya ji labari ya zo, yanzu har da furfura a gemunsa, ba ta ɗauki tsintsiya ba, don ba ta da ƙarfi. Ta bar shi ya tsaya a zaure, Malam Salihu na gefe.

"Goggo, Tsallake ta sha ciwon ta tashi, shi ya sa bai sake kama ta ba," in ji shi. "Amma abin da ta samu nata ne ita kaɗai, ba a gadonsa. 'Ya'yanta a nono suke ɗan samun kariya, in an yaye su ta tafi. Wancan karon kuma a makare muka zo, ciwo ya riga ya shiga jikinsu. Sannan allura ɗaya muka yi ta zagayawa da ita gida gida, wannan kam laifinmu ne."

Duk bayanin nan ƙarshensa kawai Mairo ta ɗauka. "Ka ji ko, Malam? Ya amsa da bakinsa." Sannan ta dubi Najmuddeen ta ce, "Wa ya sani ma ko wannan ɗin ku kuka sako shi, don mu kawo muku da kanmu?" Ya girgiza kai ya yi mata sallama.

Ta ƙarshen ta mutu ranar wata Laraba. Turken da bai taɓa zama babu dabba ba tun ranar aurenta ya zama fili, sai igiyoyi. Mairo ta share, ta ƙone, ta zuba toka, kuma kullum da safe sai ta tsinci kanta tsaye a wurin da kwanon dusa a hannu. Ta daina faɗa, abin da ya fi tayar wa Malam Salihu da hankali ke nan. Sau ɗaya ya ji tana magana ita kaɗai, tana cewa, "Inna, ya ƙare a hannuna."

Makonni suka wuce. Wata rana Maman Uche, da ba ta iya riƙe fushi, ta leƙo ta ce ta kai ɗinki Damilu wurin Abba, kuma ta ga awaki a gidan suna tsalle. Mairo ta ce ƙarya ne. In ma gaskiya ne, to sababbi aka sayo a kasuwa don a yi mata dariya. Ta kwana biyu tana juya maganar, a na uku ta ɗauki mayafi ta ce gani ya kori ji.

Adawiyya na tankaɗe a tsakar gida sai ta ji sallama. Ta miƙe da rariya a hannu. Mairo ba ta jira tabarma ba, ta wuce turke. Ga 'yar budurwar da ta kira gawa, ta zama uwa, nono har ƙasa. Ga 'ya'yanta, kowace da sabon shuɗi a gadon baya, don an sake zagayowa da rigakafi a makon. Ɗaya daga cikinsu, ja ce, tana da farar ƙafa ta gaba ta hagu.

Kun san abin da Goggo Mairo ta yi? Ta durƙusa ta kama ƙafar, ta lashi babban yatsanta, ta murza farin da ƙarfi, ko farar ƙasa aka shafa. Ta sake lasa ta sake murzawa. Farin bai fita ba. Ta daɗe a durƙushe riƙe da ƙafar, akuyar na fizga, ita kuwa kafaɗunta na rawa.

"Goggo, ki ɗauke ta," in ji Adawiyya daga bayanta. "Taki ce. Daga turkenki ta fito."

"Ba tawa ba ce." Mairo ta share fuska da bakin mayafi. "Rabon mai kiwo ba ya komawa. Ni ban zo ƙwace ba, kuma ban zo roƙon sadaka ba." Ta ɗago ta dubi Adawiyya. "Kiwo za ki ba ni. Biyu naki, ta uku tawa."

"Haba Goggo, ni in ba ki kiwo?"

"Haka ake yi. Faɗi sharaɗinki."

Adawiyya ta sunkuyar da kai. "Kin san shi, Goggo."

"Ki faɗa. Ni ma sai da na sa kika faɗa."

"Duk abin da ta haifa, in an yaye shi, a yi masa."

Mairo ta maimaita da bakinta, kalma bayan kalma, kamar mai shan maɗaci. Sannan ta ɗago ta ƙara da cewa, "Amma ban ce na yarda da su ba. Sai na taɓa ƙanƙarar kular da hannuna, kuma a gabana za a ɓare allurar."

"To, Goggo."

Adawiyya ta kwance igiyar, sai ta tsaya tana kallon shuɗin. Ta ce bari ta ɗebo ruwa da sabulu, ko kuma a rufa mata buhu, tunda unguwa za a shiga da ita. Mairo ta dubi shuɗin ita ma. Ta ce, "Ba a yi wa akuya wanka. Bar shi."

Mai keke ya sauke ta a bakin titi, ya ce layin ya yi caɓi ba zai shiga ba. Dole ta taka da ƙafa, akuya a gaba tana ja, shuɗi a bayanta ɓaro-ɓaro, rana tsaka. Maman Uche ta fito ƙofar shago ta bi ta da kallo. Masu zama a gindin bishiya suka amsa sallamarta, idanunsu na kan bayan akuyar. Mairo ba ta yi sauri ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba, sai da ta zo daidai ƙofar Naziha.

Naziha na zaune a dakali tana tsince shinkafa. Ta bayanta ana hango turkenta, babu komai sai igiya. Wannan matar sau uku tana kulle awaki a ɗaki saboda sharaɗin Goggo. Ta dubi farar ƙafar, ta gane ta. Sannan ta dubi gadon bayan, ta daɗe tana kallo.

"Goggo," in ji ta a hankali, "wannan shuɗin fa?"

Mairo na da amsa ga kowa tun tana yarinya, amma ta laluba ba ta samu wadda za ta ɓoye a bayanta ba. Ta tsaya cikin caɓi, igiya a hannu.

"Allura ce, Naziha," in ji ta. "Ta ukun da za ta zo mini, taki ce."

Naziha ba ta ce na gode ba. Ta mayar da idonta kan shinkafarta ta ci gaba da tsincewa, Mairo kuma ta ja akuyar ta shige gida.